Ragar waya mai idon rabin inci don akurkin agwagi

Tsadarta ta fi ta ragar kaji mai manyan idanu, amma ga mai 'ya'yan agwagwa ita ce abin saye. Ragar kaji tsare tsuntsu kawai take yi. Kyanwa na zura hannu ta cikinta ta fizgo ɗan agwagwa, kare kuma yaga ta yake yi. Mai idon rabin inci kuwa mai walda ce, babban ɓera ba ya ratsa ta.

Sai an kafa ta daidai take aiki. A binne gindinta ƙafa ɗaya a ƙasa, a lanƙwasa shi waje saboda gafiya da tunku masu tono. A rufe sama ma, don shirwa daga sama take sura. Babban toron agwagwa kyanwar gida ba ta cika tunkararsa ba, ƙananan ne abin tsoro har su kai mako 6.

Aibinta tsatsa. Agwagi akwai fantsama ruwa, ƙasan ragar ke fara ruɓewa, don haka a nisanta kaskon ruwa da ita. Bakin da aka yanke kuma kaifi gare shi, a danne shi da katako da ƙusa.