Wasiƙa daga Mancesta: awa 20 a mako da abin da ke saura a aljihu

Kawu, bayan gaisuwa da fatan an tashi lafiya, ga amsar tambayar da kuka yi mini a kan ko ƙanena zai iya riƙe kansa da aiki idan ya zo karatu Ingila.

Bizar ɗalibin jami'a ta yarje masa aikin awa 20 a mako lokacin karatu, kuma daga Litinin zuwa Lahadi ake ƙirga su, ba a yarda mutum ya yi 25 a wannan mako ya ce zai rage a na gaba ba. Sai lokacin hutu yake iya cika mako yana aiki. Abin da ya fi ba 'yan gida mamaki shi ne an hana ɗalibi sana'ar kansa, saboda haka ɗinki, kitso, sayar da turare ko kai abinci a keke da sunan kansa, duk abubuwan da ɗalibi ke rufa wa kansa asiri da su a Kano ko Zariya, a nan suna iya jawo a soke masa biza.

Daga Afrilun 2025 zuwa ƙarshen Maris na 2026 mafi ƙarancin lada ga mai shekara 21 zuwa sama ya kasance fam 12.21 a awa, wato fam 244.20 a mako ga wanda ya cika awanninsa. Fam 12,570 na farko a shekara babu haraji a kansu, abin da ya haura kuma ana cire kashi 20 cikin ɗari, sannan akwai inshorar ƙasa, kashi 8 a kan abin da ya wuce fam 242 a mako. Shekarar haraji tana farawa ne ranar 6 ga Afrilu, kuma wanda ya ɗauki mutum aiki ne ke yanke kuɗin tun kafin albashi ya shiga asusu, kamar yadda ake yi wa ma'aikatan gwamnati a gida, sai dai a nan har mai wanke kwanuka bai tsira ba.

Ni kaina na sha mamaki a albashina na farko a wani gidan ajiyar kaya. Ban cike takardar sabon ma'aikaci da kyau ba, sai na ga a wurin lambar harajina an rubuta BR, wadda ke sa a cire haraji a kan dukan albashi, a inda ya kamata a sa 1257L, wadda ke ɗauke haraji a kan fam 12,570 na farko, an kuma zaftare kashi ɗaya bisa biyar na kuɗin gaba ɗaya. Sai da na tuntuɓi hukumar haraji ta HMRC aka gyara, aka mayar mini da rarar a albashin gaba.

Game da kaya kuwa, burodi, madara, ƙwai da kaza suna da sauƙi idan aka auna da ladan awa guda, amma duk abin da hannun mutum zai taɓa wuta yake. Askin da ake yi wa mutum a bakin titi a gida, a nan yakan cinye ladan awa ɗaya ko fiye, shi ya sa muka haɗa kuɗi muka sayi injin aski muna yi wa juna. Doya da manja akwai su a shagunan 'yan Afirka da ke unguwar Moston a nan Mancesta, amma doyar sai mutum ya juya ta a hannu sau biyu kafin ya kai ta wurin biya. Ganin likita ba a biyan komai, domin an riga an karɓi fam 776 na kowace shekara tun wajen neman biza, sai dai akwai jira, kuma ba a shiga kemis a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da takardar likita ba. Harajin gida na ƙaramar hukuma an ɗauke wa cikakken ɗalibi.

A ganina, Kawu, aikin zai biya hayar ɗaki, abinci da kuɗin bas, amma ba zai taɓa kuɗin makaranta ba. Wannan a tanade shi tun daga gida kafin ya hau jirgi.