Sharhi kan raba falo da launin fenti, da yadda muka kwashe da mai fentin

Lokacin da muka tare a gidan da muka kama haya a Kubwa da ke Abuja, abin da ya fara damuna shi ne falon, domin irin ginin nan ne na zamani da ake haɗe wajen zama da wajen cin abinci da kicin a wuri guda, babu bango babu ƙofa, sai ɗan kanta na siminti da bai wuce ƙugu ba. Tsawonsa mita 9 ne, faɗinsa mita 4 da rabi, an shafe shi da farin fenti tun daga bakin ƙofa har bayan murhu, ta yadda duk inda muka ajiye kujeru sai su zama kamar kayan da aka sauke daga mota ba a kai ga jerawa ba. Mamallakin gidan ya gindaya sharaɗin cewa ba a taɓa masa gini, ko katako bai yarda a kafa ba, amma ya amince da fenti muddin za a mayar masa da farinsa ranar tashi. Wannan ne ya sa na yanke shawarar raba wurin da launi.

Launi uku na zaɓa: ruwan madara a wajen zama, ruwan toka mai haske a kicin, sai kore mai duhu irin na miyar kuka a ƙuryar da teburin cin abinci yake. Dalilina na kai koren can ƙarshe shi ne launi mai duhu yakan sa bango ya zama kamar ya matso kusa, kuma falon ya yi tsawo da yawa kamar layin asibiti. A kasuwar kayan gini ta Dei-Dei muka sayi fentin, a wani shago mai injin haɗa launi, inda ake liƙa lambar haɗin a murfin kowane galan. 

Mai fentin maƙwabciyata ce ta haɗa ni da shi, kuma a kwana biyun farko ban ga abin kushewa a aikinsa ba. Shi ne ma ya hana ni tsayar da koren a bango ɗaya, ya ce a zagayo da shi kan bangon gefe har mita 2 da rabi, daidai tsawon teburin da kujerunsa, domin wurin ya zama lungu mai kansa. Wajen fitar da iyakar launukan biyu kuwa ya nuna gwaninta. Ya ja layi da igiya da bula irin ta magina, ya manna tef na takarda, ya fara shafa ruwan madarar a bakin tef ɗin domin ya toshe duk wata kafa da koren zai iya kurɗawa, sannan ya ɓare tef ɗin tun fentin bai gama bushewa ba. Layin ya fito ɗoɗar daga silin har tayil, har yau ina yaba masa a kan wannan.

A rana ta uku na dawo daga aiki bayan magariba na tarar ya gama ya tafi. Na kunna fitila na duba koren a ƙarƙashin fararen ƙwayayen lantarkin da muka samu a gidan, ban ga komai ba sai kyau, har na tura masa cikon kuɗinsa a daren. Washegari Asabar ce, da la'asar rana ta shigo ta tagar yamma ta sauka a kan bangon nan, sai ga shi ya rabu gida biyu. Daga ƙurya zuwa tsakiya koren kuka ne kamar yadda na zaɓa, daga tsakiya zuwa iyakar tef kuwa wani kore ne mai hasken ɗanyen ganyen ayaba, kuma mahaɗarsu ta tafi a karkace da sawun rola ɓaro-ɓaro. Na kira shi nan take, ya ce, "Hajiya, ai bai gama bushewa ba ne, ki ba shi kwana biyu zai haɗe." Na ba shi kwana huɗu, bambancin sai ma ƙara fitowa da ya yi, domin fentin ruwa sai ya bushe sarai yake nuna ainihin launinsa.

Gaskiyar maganar a kwandon shara na tsince ta, inda na ga ƙaramar robar kala wadda ba mu saya ba, da wani bokiti da ragowar haɗin ya bushe a gindinsa. Da na tsare shi da tambaya sai ya amsa cewa galan ɗin ya ƙare masa ana tsakiyar shafi na biyu, ya ga komawa Dei-Dei zai cinye masa yini, shi ya sa ya zuba farin fenti a kan ɗan abin da ya rage, ya ɗiga kala yana gwadawa da ido har ya ga sun yi kama. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tun a shagon na tambaye shi ko galan ɗaya zai isa, ya ɗaga kai kamar yana hango bangon ya ce har saura za a yi. Da na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko, sai na ga bangon ƙarshe mita 4 da rabi ne a tsayin mita 3, na gefe mita 2 da rabi a tsayi ɗaya, jimla murabba'in mita 21. A jikin galan ɗin an rubuta cewa lita ɗaya tana rufe kimanin murabba'in mita 10, galan kuma lita 4 ne, ke nan ko shafi biyu da ƙyar zai yi, alhali launi mai duhu a kan farin bango yakan nemi shafi uku kafin farin ya daina leƙowa. Mutumin da ya ce ya fi shekara goma yana wannan sana'a bai kamata ya bar wa mace ma'aikaciyar ofis wannan lissafi ba.

Na koma shagon da murfin galan ɗin a hannu. Yaron da ke kan injin ya yi mini gaskiya, ya ce ko da lamba ɗaya aka haɗa, sabon galan yana iya ɗan saɓawa da tsoho, saboda haka kada a yi faci, a juye galan biyu a bokiti ɗaya a gauraya sosai, a sake shafe bangon daga ƙurya zuwa ƙurya ba tare da an tsaya a tsakiya ba. Na sayi biyun da kuɗina. Mai fentin ya so a sake biyansa ladan aiki, na ce ko sisi, muka yi ta ja-in-ja a waya har baban yara ya shiga tsakani, aka tsaya a kan kuɗin mota da na abinci. Ya zo ya gyara fuska a murtuke, ni kuma na ɗauki hutun rabin yini na zauna a kujera ina kallonsa har ya wanke rola.

Bayan gyaran dai dole in ce dabarar ta yi aiki fiye da yadda na zata. Yara da kansu suka sa wa wurin suna "kore", in an ce a tafi kore sun san abinci ne, kuma cin tuwo a kan kujerun falo ya ragu ba tare da na yi faɗa ba. Da surukata ta zo daga Katsina, tana shiga ta wuce wajen ruwan madarar ta zauna kamar akwai bango a tsakani, daga baya ta ce mini, "'Yar nan, ai wannan ba sabon abu ba ne, mu ma da farar ƙasa muke shafe sama, mu bi ƙasa da makuba." Na ji daɗin maganar ƙwarai, har na fara tunanin ko na tsananta wa mai fentin.

Sai dai ba a yi wata guda ba kicin ya tuna mini da shi. Na gaya masa tun farko cewa mai ɗan sheƙi nake so a wajen murhu, wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, ya ce mara sheƙin ma yana wankuwa kuma ya fi ɓoye tudu da kwarin filasta, na biye masa. Ranar da manja ya fantsama na sa soso da sabulu, tabon bai fita duka ba, wurin da na goge kuma ya yi ƙyalli daban kamar an shafa man kaɗe. Yanzu tabo uku ne a jere a bayan tukunya. Koren ma da hunturu ya shigo sai ya zama allon ƙura, kwana biyu in ba a share ba yatsa yana rubutu a jikinsa, abin da ruwan madarar ba ya nunawa.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne sai nawa. Launi yana gaya wa ido inda falo ya ƙare, amma ba ya tare hayaƙin suya, ba ya kuma hana abokan baban yara hango ni ina tuƙa tuwo daga inda suke zaune. A ƙarshe sai da na roƙi mamallakin gidan ya bari aka huda silin wuri huɗu aka rataya labule mai kauri a kan kantar. Da ya zo duba hujin ya tsaya ya daɗe yana kallon koren, ya ce ya yi kyau, sannan ya tuna mini cewa kafin fari ya rufe irin wannan duhun sai an yi shafi uku ko fiye, kuma daga kuɗin ajiyata zai cire idan ban yi da kaina ba. Lambar mai fentin tana wayata, amma da maƙwabciyar sama ta nemi in ba ta, na ce in har za ta kira shi to ta auna bangonta da kanta, ta sayi fentin da kanta, kuma kada ta biya cikon kuɗi sai ta ga aikin da hasken rana.