Injin Fijo 504 da ya ƙi juyawa: a jiƙa shi ko a buɗe shi?

Alhaji, ka ce 504 ɗin marigayi Baba ta shekara 11 a ajiye a gidanku na Agege, ka sa sifana injin ya ƙi ko motsi, kana tambaya tsakanin jiƙa shi da mai da sauke masa kai, wato murfin saman silinda, wanne ya fi. Allah ya gafarta wa Baba.

Tukuna dai cire bel ɗin fanka, ka sa giya a firi, ka sake gwadawa, don wani lokaci famfon ruwa ne ya ci tsatsa ake ɗora wa inji laifi. In ya ƙi, kwance notin da ake juye baƙin mai ka zuba ido. Ruwa ya fi mai nauyi, in yana ciki shi zai fara fitowa. Daga nan za ka san hanyar da za ka bi.

In mai ne zalla, jiƙawa ta fi. Ka cire fulogi huɗun, ka duba bakinsu: wanda ya yi ja kamar ƙasar bulo, silindarsa ce mai ciwon. Danshin Legas ne ya shiga ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe, ringin ya manne da bango. Ka ɗura man giyar atomatik haɗe da kananzir ta ramin fulogi, wasu kuma da asiton suke haɗawa rabi da rabi, amma wannan yana kama wuta, kada a yi kusa da janareto. Abin da mutane ke mantawa shi ne injin 504 a kishingiɗe yake, digiri 45, man da ka zuba gefe ɗaya yake kwanciya. Cika ramin sosai. Kullum da yamma ka sa doguwar sifana a kan fulin kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a ƙasan inji, ka ja kaɗan, ka mayar kaɗan. Kuɗin duka bai taka kara ya karya ba, haƙuri ne mai tsada. Tawa sai a kwana na tara ta motsa, shi ma kamar faɗin farce, da wata ƙara kamar an buɗe tsohuwar ƙofar langa-langa. Illar jiƙawa dai a makance kake aiki. Injin yana iya tashi ya riƙa hayaƙi, ringin ya riga ya maƙale a cikin fistin.

In kuwa ruwa ka gani, ko an san ambaliya ta taɓa shiga gidan, kada ka ɓata mai. A buɗe. Haka ma in motar a kan hanya ta yi nokin kafin a ajiye ta, wannan ciwon a ƙasa yake wajen kiranshaf, mai ta ramin fulogi ba zai yi masa komai ba. Buɗewa tana cin gaskit da kuɗin bakanike, amma idonka zai ga komai. Kuma Fijo ta yi mana adalci: silindar 504 silif ce, wato bututun ƙarfe da ake zarewa, a sa sabuwa da fistin ɗinta ba sai an kai bulok gurin gundura ba. Tun 1975 aka fara harhaɗa motar nan a Kaduna, kayanta ba su ɓace ba, ka fara cigiya a kasuwar kayan mota ta Ladipo. Sai dai ka tsaya a kan bakanike ya danne silif ɗin da noti da washa kafin ya juya injin ba kai. In silif ɗin ya ɗaga, ruwan lagireto zai gangara cikin baƙin mai, aiki ya dawo ɗanye.

Za a samu wanda zai ce a ɗaure ta da igiya a ja, a saki kuloci a giya biyu. Kada ka yarda, ko da kawunka ne. Nan ake karya ringi a lanƙwasa kwanrod, ƙarfen da ya haɗa fistin da kiranshaf.

Ni dai da tawa ce, muddin babu ruwa, sati biyu zan ba ta tana shan mai. In ta saki, juya ta da hannu ba fulogi har man ya fita, ka canja baƙin mai da filta, sannan ka nemo batir.