Mai Wurno: a kewaye da titi ko a ɗage tasha?

Garin Mai Wurno na ƙasar Sudan, a gefen kogin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, kan hanyar Sinja. Ranar kasuwa manyan motoci da raksha (babur mai ƙafa uku na haya) da amalanken jaki kan cushe wuri guda.

Wasu na son a gina titin da zai kewaye gari. Zai raba mu da manyan motoci, amma sai an ci gonakin mutane, ga tsada, kuma masu shayi da masu abincin bakin hanya za su rasa ciniki.

Ni na fi son a ɗage tasha zuwa bakin gari, a ware wa amalanke wurin sauke kaya bayan kasuwa. Fili kawai ake buƙata. Tsofaffi za su ɗan ƙara tafiya, wannan kam yana damuna, amma raksha tana nan.