Shagon haɗa lefe a Kantin Kwari: aikinsu da jarabar da ke cikinsa

Da auren ƙanena ya matso, aka ɗora mini nauyin haɗa lefe, sai na nufi ɗaya daga cikin shagunan Kantin Kwari a Kano da ke karɓar kuɗin mutum su haɗa masa komai, tun daga akwatuna har zuwa turare da kayan shafa. Mun yi hulɗa da su har tsawon mako biyu, kuma ina ganin ya kamata masu shirin aure su san abin da za su tarar.

Mutanen shagon sun san kaya. Wanda bai ƙware ba zai iya biyan kuɗin atamfa Super ta Vlisco, wadda ake bugawa a ƙasar Holan, a miƙa masa kwaikwayonta na Sin ba tare da ya gane ba, amma mai shagon ya shimfiɗa mini turmi biyu a gabana, ya nuna mini bambancin rini da nauyin zare da tambarin da ke gefen zanen. Haka ya yi da shaddar Getzner ta Ostiriya. Kowane turmi ya cika yadi shida, kuma an kawo kayan gida a ranar da aka yi alkawari. Ba na raina wannan ko kaɗan, domin zane mai inganci yana shekaru bai koɗe ba, mace tana iya sayar da shi idan ta shiga matsi, kuma son kaya masu kyau shi ne ke ciyar da dubban 'yan kasuwa da teloli da 'yan dako a wannan kasuwa.

Abin da ya dame ni shi ne salon tallarsu. Na je da niyyar haɗa akwati huɗu, amma kafin in zauna an fara nuna mini hotunan lefen akwati goma sha biyu a waya, ana cewa wannan shi ne na kece raini, shi ne zai fitar da mu kunya ranar da dangin amarya suka taru ganin kaya. Babu wanda ya tambaye ni sana'ar ango ko abin da yake samu a wata. Duk leshin da na zaɓa sai a ɗauko wanda ya ninka shi tsada, a ce matan yanzu ba sa ɗaura wancan. Wannan magana tana shiga zuciya, kuma na san magidantan da suka ci bashi saboda irinta, alhali sadaki ne wajibi a aure, lefe kuwa al'ada ce. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, kuma a shekarar ce gwamnatin Kano ta aurar da mata 1,800 waɗanda rashin hali ya tsaya musu a gaba.

Ina ba da shawarar zuwa shagon ga wanda ya rubuta abin da yake so da iyakar kuɗinsa tun daga gida, ya kuma tafi da wata babba a dangi wadda ba ta jin nauyin cewa a'a. Ni gwaggona na ɗauka a zuwa na biyu, ita ce ta mayar da leshi uku da sarƙar da aka cusa mana, muka fito da akwati huɗun da muka yi niyya.