Madatsun ruwa da tafkunan tuddan arewacin Ingila: inda za ka je da kayan da za ka saya

Wanda ke zaune a Manchester, Sheffield, Leeds ko Bradford ba shi da nisa da madatsun ruwan da ke cikin tuddan Pennine. An gina mafi yawansu ne don shayar da biranen yankin, kuma kamfanonin ruwan da suka mallake su sun bar hanyoyin ƙafa a buɗe ga jama'a. Kafin ka kashe ko fam ɗaya a shagon kayan tafiya, ka yanke shawara guda: a bakin ruwa za ka tsaya, ko za ka hau saman tudu? Hanyar bakin ruwa tsakuwa ce ko kwalta. Saman tudu kuwa fili ne fetal, babu bishiya, babu mafaka, sai gajerun ciyayi da baƙar ƙasa mai riƙe ruwa kamar soso. Kayan da wuraren biyu ke buƙata sun sha bamban, kuma a nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Ga mutanen Manchester, madatsar Dovestone ce ta fi kusa. Tana dab da ƙauyen Greenfield a yankin Oldham, kuma jirgin ƙasa na tsayawa a Greenfield. Zagayen ruwan kusan kilomita 4 ne a kan hanya mai kyau, har da keken jariri ana bi. Amfaninta shi ne tana ba ka matakai: in ka ga da sauran ƙarfi, sai ka wuce madatsun Yeoman Hey da Greenfield, ko ka kama hanyar hawa zuwa madatsar Chew, wadda aka kammala a 1912 a tsayin kusan mita 488. Hanyar Chew mai tauri ce har bakin madatsar, amma daga nan gaba taɓo ne, kuma iskar can ba irin ta ƙasa ba ce. Illar Dovestone cunkoso: ranakun Asabar da Lahadi masu rana wurin ajiye mota kan cika tun da hantsi.

Ladybower, a kwarin kogin Derwent, ta fi dacewa da mutanen Sheffield, kuma ita muka fi ba iyali shawarar farawa da ita. Madatsu uku ne a jere: Howden ta 1912, Derwent ta 1916, sai Ladybower da aka gina tsakanin 1935 da 1943, wadda ruwanta ya shanye ƙauyukan Ashopton da Derwent. A Fairholmes akwai wurin ajiye mota, ban ɗaki da wurin hayar keke. Daga can tafiyar 'yan mintuna ce zuwa gindin bangon Derwent, inda jiragen yaƙin Birtaniya suka yi atisaye a 1943 kafin su kai hari kan madatsun Jamus. A kudancin Ladybower akwai manyan ramuka biyu na zubar da rarar ruwa, faɗin kowanne kusan mita 24. Sai bayan ruwan sama mai yawa ake ganin ruwa na kwarara cikinsu. Idan ruwa ya ja baya, kamar a 2018, kangon ƙauyen Derwent kan bayyana. Kada ka sauka ka taka wannan lakar, tana riƙe ƙafa har sai an kira masu ceto. Zagaye Derwent da Howden gaba ɗaya aikin wuni ne, ba na yamma ba.

Malham Tarn ba madatsa ba ce irin waɗannan, tafki ne da ƙanƙarar tsohon zamani ta bari, a tsayin mita 377 a Yorkshire Dales, ƙarƙashin kulawar National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi da filaye. Ya fi sauran shiru, kuma hanyar Pennine Way mai kilomita 431 ta ratsa gefensa. Sai dai motar haya ba ta da yawa a can, kuma duwatsun yankin na da santsi sosai in sun jiƙe. Mai son tafiya mara hawa daga Leeds ya nufi madatsun Swinsty ko Fewston kusa da Harrogate.

Yanzu batun takalmi, wanda shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka na kuɗinka. Iri uku ne a kasuwa. Akwai mara dogon wuya, mara nauyi, mai ƙasa mai gurzu: ya wadatar a zagayen Dovestone, Swinsty da bakin Ladybower. Akwai but (takalmi mai dogon wuya) na yadi mai shimfiɗar hana ruwa a ciki, irin Gore-Tex: ba ya buƙatar dogon sabo, amma shimfiɗar kan tsage daidai inda yatsu ke lanƙwasawa, daga nan ruwa ya fara shiga. Sai but na fata zalla: ya fi nauyi, yana son a sa shi a gari na 'yan makonni kafin doguwar tafiya, amma shi ya fi jure taɓon saman tudu in ana shafa masa mai. Wanda zai riƙa hawa Chew ko tudun Derwent Edge da ke saman Ladybower duk wata, na fata ya fi masa. Wanda zai fita sau uku ko huɗu a shekara, na yadi ya ishe shi.

Ka je gwaji da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka yi tafiyar da ita. Ya kasance akwai kusan santimita 1 tsakanin babban yatsa da gaban takalmin. Shaguna da yawa na da ɗan gangare na gwaji: ka sauko a kansa, in yatsu sun bugi gaba, farce zai yi baƙi a saukowa daga tudu, in diddige na ɗagawa, bororo ne zai biyo baya. Ka juya shi ka duba ƙasan, zurfin gurzun ya kai milimita 4 zuwa 5. In ya jiƙe, kada ka ɗora shi kan hita, zafi na fasa fata ya saki gam. Ka cire shimfiɗar ciki, ka cusa tsohuwar jarida, ka bar shi ya bushe da kansa.

Rigar ruwa ce ta biyu. Ka duba lambar jure ruwa da ke jikin takardarta, milimita 10,000 zuwa sama, sannan ka juya cikinta ka tabbatar an liƙe duk layin ɗinki da tef, don ta ramin allura ruwa ke fara shiga. Hularta ta kasance mai igiyar ɗaurewa. Kumburarriyar rigar sanyi mai gashin tsuntsu da ake sawa a gari ba ta maye gurbin wannan, da ta jiƙe ɗuminta ya tafi. Wandon jins da singiletin auduga ma a bar su a gida: auduga na shan gumi ta riƙe, da ka tsaya hutawa sanyi ya shige ka. A jiki ka sa ta ulu ko ta roba mai saurin bushewa, sai mai ɗumi a tsakiya, rigar ruwa a sama. Waɗannan biyun na ciki ana samun su da araha a shagunan gwanjo. Ga 'yan uwa mata, doguwar abaya na kwasar raɓa da laka daga ciyayi. Riga mai kaiwa gwiwa da wando mai faɗi na hana ruwa sun fi, da hijabin da za a cusa cikin rigar ruwa don iska.

Taswirar waya na da amfani in ka sauke ta tun daga gida, amma sanyi na cinye batir, kuma a cikin kwari sabis kan ɗauke. Ka sayi ta takarda ta Ordnance Survey, hukumar taswirar Birtaniya: mai lamba OL1 ta ƙunshi Dovestone da Ladybower, OL2 ta ƙunshi Malham. A kansu santimita 4 daidai take da kilomita 1. Wadda aka lulluɓe da roba ta fi tsada, amma ba ta narkewa a ruwa. Ka haɗa da kamfas da fitilar goshi.

Lissafin lokaci: awa 1 ga kowace kilomita 5, ƙari da minti 10 ga kowane hawan mita 100. Tafiyar kilomita 10 mai hawan mita 300 awa biyu da rabi ke nan, ban da hutu. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, don haka Azahar da La'asar za su same ka a hanya. Ka ɗauki 'yar darduma ta leda da gorar ruwan alwala daban da lita 1 zuwa 2 na sha.

Ba a iyo a madatsun nan. Ko da bazara ruwan na da tsananin sanyi, yana ɗauke numfashi cikin daƙiƙu, ga bututun da ke jan ruwa a ƙasa. Gashin nama ma an hana a Dovestone, tun bayan gobarar tuddan Saddleworth ta Yunin 2018, saboda wuta na cin baƙar ƙasar nan ta ƙarƙashi har tsawon makonni. Bayan ka ratsa ciyayi ka duba ƙafafu da bayan gwiwa saboda kaska. In an samu rauni ko an ɓata a kan tudu, ka kira 999, ka nemi 'yan sanda, sannan ka ce su haɗa ka da masu ceto na kan duwatsu.