Allurar ta kawar da ciwon kaina, amma saura kaɗan in tsinke robar ruwa in gudu

Shekara 9 ke nan ina fama da ciwon kai na ɓari ɗaya. In ya taso, ko hasken waya ba na iya kallo, ga tashin zuciya, ƙwaya kuwa da na haɗiye ta sai ta dawo. Sau uku a bana ana kwasata zuwa sashen gaggawa cikin dare.

Zuwan farko allurar kashe ciwo mai suna pentazocine aka yi mini. Kaina ya dinga juyawa, na yi amai har sau biyu, barci mai nauyi ya ɗauke ni, da asuba ciwon ya dawo daram inda yake. Wannan kam kada a sake kusanto ni da ita.

Zuwa na biyu shi ne dalilin rubutun nan. Wani matashin likita muka samu, Allah ya yi masa albarka, ya tsaya ya tambaye ni ko akwai zazzaɓi, ko wuyana ya sanƙare, ya auna jinina, sannan ya rubuta metoclopramide miligiram 10 da farasitamol na ruwa giram 1, duka ta jijiya. Maigidana ya duba takardar ya ce, "Likita, ai wannan maganin amai ne." Likitan ya ce haka ne, amma yana kwantar da irin wannan ciwon kan ma. Gaskiya ya faɗa. Kafin awa guda na buɗe idona tar, na kalli fitilar ɗakin. Na daɗe ban ga maganin da ya yi mini aiki haka ba.

Sai dai tsakanin allurar da samun sauƙin na ga tashin hankali. Sistar da ke aiki a daren ta zuƙi maganin aman a sirinji, ta danna shi gaba ɗaya cikin kanula, 'yar robar da ake sa wa a jijiya, ta juya ta tafi. Ba a yi minti biyar ba na ji jikina ba nawa ba. Ƙafafuna suka ƙi zama wuri ɗaya. In kwanta ba dama, in zauna ba dama, na miƙe ina zagaye gadon da sandar ƙarin ruwa a hannu, zuciyata na ce mini in ɓare filastar in fita titi. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta riƙe ni tana tofa mini addu'a, a zatonta iska ce ta taɓa ni. Ni kaina na ɗauka hankalina ne ke shirin gushewa.

Da maigidana ya kira sistar, ko tasowa ba ta yi daga kujera ba. Cewa ta yi, "Madam, ki rage raki, ba ke kaɗai ce marar lafiya ba." Sai da likitan ya dawo ya ce illar maganin ce, ana kiranta akatisiya, kuma ta fi aukuwa idan aka tura shi da sauri. Ya sa aka yi mini wata allura, jikina ya lafa.

Karo na uku tun daga bakin ƙofa na faɗi abin da ya same ni. Aka zuba maganin aman nan cikin ƙaramar ledar ruwa, ya ɗiga a hankali kamar na minti 15, aka haɗa da dexamethasone don kada ciwon ya dawo washegari. Lafiya ƙalau, ko motsin ƙafa ban ji ba, na kwana a gidana.

Cikin ukun wannan na zaɓa, kuma in ciwon ya sake tasowa shi zan roƙa. Amma raina bai huce ba. Minti 15 kawai aka kasa ba ni a wancan daren, kuma babu wanda ya gargaɗe ni ko da kalma ɗaya. Har yau Hajiya in ta ga na dafe kai sai ta ce, "'Yar nan, kada ki yarda su sake yi miki allurar nan."